Kafson Bakteriyar Hanji na Wani Kanti a Aboabo: Abin da Aka Gani a Jikin Ɓeraye da Abin da Kwalbar Za Ta Iya Yi

A 'yan watannin nan wani kafso ya yi farin jini a unguwanninmu na Zango a Kumasi, musamman a wajen iyayenmu mata da dattawan da ke fama da hawan jini ko ciwon sukari. Kafso ne na furobayotik, wato bakteriya masu rai da ake haɗiya domin su isa hanji su amfani jiki, kuma wani kantin kayan lafiya da ke Aboabo ne ya fi kowa cinikinsa a wannan yanki. Ana tallarsa da cewa yana wanke jijiyoyin jini, yana narkar da kitsen da ya daskare a cikinsu, kuma wai masana a Amurka sun tabbatar da haka. Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, kuma tun da yayata ta fara shan wannan kafso 'yan uwa suka dame ni da tambaya ko kuɗin da take kashewa yana biyan bukata. Wannan ya sa na je kantin da kaina, na sayi kwalba, na karanta abin da aka rubuta a jikinta da takardar tallar da ake haɗawa da ita, sannan na auna su da abin da binciken ya nuna a zahiri. Ba zan ambaci sunan kantin ko na kamfanin ba, domin irin wannan kaya da irin wannan talla sun bazu daga Kejetia har Tafo, kuma abin da zan faɗa ya shafe su gaba ɗaya.

Shi kansa kantin ya cancanci yabo, kuma adalci ne a fara da wannan. Wuri ne mai tsafta da haske, an jera kaya cikin tsari, kuma kowane kaya da farashinsa a rubuce, don haka ba a yi wa mutum kuɗi gwargwadon girman rigarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne firijin da suke ajiye kafson, domin an rataya ma'aunin sanyi a cikinsa, kuma akwai ɗan littafi a gefe inda suke rubuta abin da ma'aunin ya nuna safe da yamma. Na tambayi saurayin da ke tsaron kantin yadda suke yi idan aka ɗauke wuta, sai ya nuna mini batiran da suka haɗa wa firijin a bayan kanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garinmu, domin bakteriya masu rai ba sa jure zafi, kuma na sha ganin irin wannan kafso a shimfiɗe a kan tire cikin rana a bakin tashar mota, inda babu mai iya cewa ko da saura mai rai a cikinsa. Suna kuma auna wa masu saye hawan jini kyauta. A nan akwai gyara guda, domin ɗamarar da ake ɗaura wa hannu guda ɗaya ce tak suke da ita, kuma ta yi wa masu kaurin dantse kaɗan, alhali ƙaramar ɗamara a babban hannu tana sa na'ura ta nuna adadin da ya haura gaskiya.

Kwalbar tana ɗauke da kafso 30, ana shan ɗaya kullum, kuma a lokacin da na saya farashinta ya haura sidi 300. An rubuta cewa kowane kafso yana da bakteriya biliyan 10 daga jinsin Lactobacillus da Bifidobacterium, kuma akwai lambar rajistar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, wadda ta yi masa rajista a matsayin ƙarin abinci, ba a matsayin magani ba. Abubuwa biyu ne suka rage mata daraja a idona. Na farko, an rubuta da ƙananan haruffa cewa biliyan 10 ɗin adadin ranar da aka haɗa shi ne a masana'anta, ba adadin da zai rage ranar da wa'adinsa zai cika ba, kuma tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai jirgin ruwa da tashar Tema da doguwar hanya zuwa Kumasi. Na biyu, an ambaci jinsin bakteriyar kawai ba tare da lambar takamaiman nau'in ba. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, amma a wannan fanni nau'i biyu daga jinsi ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen aiki, kuma duk wani gwaji da aka yi a kan mutane an yi shi ne da nau'i guda mai suna da lamba.

Matsalar gaske tana cikin takardar tallar. A fuskarta akwai hotuna biyu na jijiyar jini da aka tsaga aka shimfiɗa, ɗaya cike da jajayen tabo, ɗayar kuma kusan fes, an rubuta "kafin" a ƙarƙashin ta farko da "bayan" a ƙarƙashin ta biyu. Duk wanda ya saba ganin irin waɗannan hotuna zai gane cewa wannan babbar jijiyar ɓera ce, wadda faɗinta bai wuce milimita ɗaya da wani abu ba, an rina ta da jan rini domin kitse ya fito fili. Ba zai yiwu ma ta zama kafin da bayan ba, domin sai an kashe ɓeran kafin a ciro jijiyar, don haka hotunan na ɓeraye biyu ne daban. Na ce wa saurayin, "Samari, ka san jijiyar wane ne wannan?" Ya ce, "Wallahi Malam, wakilin kamfani ne ya kawo mana takardun, ya ce mana binciken likitocin Amurka ne." Na gaskata shi, domin ban ga alamar yaudara a tare da shi ba, kuma abin da wakilin ya faɗa ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Binciken yana nan, kuma yana da ban sha'awa ƙwarai, sai dai abin da ya faɗa ba shi ne abin da takardar ke faɗa ba.

Labarin ya fara ƙarfi ne a shekarar 2011, lokacin da ayarin Dakta Stanley Hazen na Asibitin Cleveland da ke jihar Ohio ya buga sakamakonsa a mujallar Nature. Sun binciki jinin mutane, suka lura cewa waɗanda daga baya suka gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki suna da yawan wani sinadari da ake kira TMAO. Da suka bi sawunsa sai suka tarar jikin mutum ba ya haɗa shi shi kaɗai. Idan aka ci abinci mai sinadarin kolin, kamar gwaiduwar ƙwai da hanta da nama, wasu bakteriyar hanji sukan farfasa shi su fitar da TMA, wanda shi ne ke ba ruɓaɓɓen kifi warinsa, jini ya ɗauke shi zuwa hanta, hanta kuma ta mayar da shi TMAO. Daga nan suka koma kan ɓeraye. Waɗanda aka ƙara wa kolin a abinci sun fi tara kitse a bangon jijiya, amma da aka ba wasu maganin kashe ƙwayoyin cuta aka share bakteriyar hanjinsu, sai kolin ɗin ya daina yin wannan ɓarna. Ɓerayen da aka raina tun haihuwa a keɓe, babu ko ƙwayar bakteriya ɗaya a jikinsu, ba su samar da TMAO ba sai bayan an bar bakteriya sun shiga hanjinsu.

A 2013 wannan ayari ya ƙara fito da abubuwa biyu. Sun nuna cewa kanitin, wanda ya yi yawa a jan nama, shi ma yana bin wannan hanya, kuma mutanen da suka daɗe ba sa cin nama kusan ba sa samar da TMAO ko da an ba su kanitin, domin bakteriyar da ke wannan aiki sun yi ƙaranci a hanjinsu. Sannan sun bi mutane 4,007 da suka zo a duba jijiyoyin zuciyarsu har tsawon shekara uku, suka ga cewa waɗanda ke rukunin mafi yawan TMAO sun fi na rukunin ƙasa fuskantar bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa da kusan ninki biyu da rabi. A 2015 aka nuna cewa ana iya ɗaukar bakteriyar hanjin ɓeran da ke saurin kamuwa a dasa wa wani, shi ma ya ƙara tara kitse a jijiya, a 2016 kuma aka nuna cewa TMAO yana sa jini saurin daskarewa. A 2025 masu bincike a Madrid ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin David Sancho, suka ba da rahoton wani sinadarin dabam da bakteriyar hanji ke samarwa daga abinci, mai suna imidazol furofiyonet, wanda shi ma ya haddasa toshewar jijiya a jikin ɓeraye. Duk wannan aiki ne na gaske, kuma ina ganin ɗaya ne daga cikin abubuwa mafi ban mamaki da aka gano game da jikin ɗan Adam a zamaninmu, cewa halittun da ido ba ya gani a cikin hanji suna da hannu a abin da ke faruwa a bangon jijiyar zuciya.

Amma wajibi ne mai saye ya san irin ɓeran da ake magana a kai. Ɓeran gida da muka sani ba ya kamuwa da wannan cuta cikin sauƙi, domin mafi yawan kolestarol ɗinsa, wato wani nau'in kitse da ke yawo a jini, yana tafiya ne a cikin nau'in da ake kira mai kyau. Don haka a 1992 masana a Amurka, Nobuyo Maeda a Jami'ar North Carolina da Jan Breslow a Jami'ar Rockefeller, kowanne a nasa ɗakin bincike, suka samar da ɓeran da aka cire wa ƙwayar gado mai suna ApoE, wanda kolestarol ɗinsa ke ninka na sauran ɓeraye sau da yawa. A kan wannan ɓera da ɗan uwansa da aka cire wa wata ƙwayar gadon daban ake yin mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje. Kitsen yana taruwa masa cikin 'yan watanni, alhali a jikin mutum yakan ɗauki shekaru masu yawa. Yana taruwa ne galibi a gindin babbar jijiya, ba a ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya ba, kuma da wuya ya fashe ya toshe hanya farat ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da ke kashe mutane. Bugu da ƙari, ɓeraye suna cin kashin junansu, don haka waɗanda ke keji ɗaya sukan zama da bakteriya iri ɗaya, kuma abinci guda suke ci kullum a ma'auni, ba kamar ɗan Zango da zai karya da koko da ƙosai, ya ci wake da shinkafa da rana, ya rufe da tuwon zafi da miyar ayoyo, ya ɗora tsire a kai ba.

Ko a cikin ɓerayen ma magana ba ta zama ɗaya ba, kuma wannan ne takardun talla ba sa taɓa faɗa. A 2018 ayarin Fredrik Bäckhed a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin ya ba irin waɗannan ɓeraye kolin, TMAO ya hau a jininsu kamar yadda aka zata, amma kitsen jijiyar bai ƙaru ba. A 2020 wasu masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka sake gwadawa da kolin da kuma TMAO kai tsaye, su ma ba su ga ƙarin toshewa ba. Akwai kuma batun kifi, wanda ya shafe mu sosai tun da kifi ne ke ba 'yan Ghana fiye da rabin abin da suke samu na gina jiki daga dabbobi. Kifin teku yana ɗauke da TMAO a cikin tsokarsa, kuma a wani gwaji da aka yi da samari 40 a Jami'ar Cornell an ga cewa cin kifi yana ɗaga wannan sinadari a jini kusan ninki 50 a kan abin da ƙwai ko naman sa ke yi, alhali cin kifi an daɗe da sanin yana tafiya tare da lafiyar zuciya. Ƙoda ce ke fitar da TMAO daga jiki, don haka duk wanda ƙodarsa ta fara rauni zai kasance da yawansa, kuma mai raunin ƙoda dama yana cikin haɗarin ciwon zuciya. Wannan ya sa wasu masana ke ganin cewa a jikin mutane TMAO yana iya zama alamar matsala fiye da zama tushenta. Muhawarar tana nan da ranta, kuma wanda ya gabatar da ita a matsayin zancen da aka rufe bai yi wa mai saye adalci ba.

Yanzu mu ɗauka cewa duk abin da aka gani a jikin ɓera haka yake a jikin mutum. Ko da haka ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da aka yi da abin da ke cikin wannan kwalba. Bakteriyar da suka kare ɓeraye daga toshewar jijiya a fitattun gwaje-gwaje wasu ne dabam. Akwai Akkermansia muciniphila, wadda aka gano a 2004 a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, wadda masana a Hong Kong suka nuna a 2016 cewa tana ƙarfafa bangon hanjin ɓera ta rage kumburi da toshewa. Akwai kuma Roseburia intestinalis, wadda ayarin Federico Rey a Jami'ar Wisconsin ya gwada a 2018. Babu ko ɗayansu a cikin kafson Aboabo. Da aka gwada furobayotik irin na kasuwa a kan mutane domin a ga ko za su rage TMAO, kamar gwajin da aka yi a Ostiriya da nau'in Lactobacillus casei Shirota na tsawon mako 12, ba a ga sun rage shi ba. Gaskiya ne akwai nau'i guda na Lactobacillus reuteri mai lamba NCIMB 30242 da wani gwaji na 2012 ya nuna ya rage mummunan kolestarol da kimanin kashi 11 cikin ɗari a mako tara, amma babu abin da ke nuna wannan nau'i yana cikin kwalbar, kuma magungunan sitatin da likitoci ke rubutawa suna rage shi da kashi 30 zuwa 50, tare da shaidar manyan gwaje-gwaje a kan dubban mutane cewa suna rage bugun zuciya da mutuwa.

Gwajin Wisconsin ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kowanne magana da mu. Sun ɗauki ɓerayen da ba su da bakteriya ko kaɗan, suka dasa musu wasu 'yan nau'o'i da suka zaɓa, wasu da Roseburia wasu babu ita, sannan suka raba musu abinci iri biyu. Roseburia ta rage toshewar jijiya ne kawai a jikin waɗanda aka ciyar da abinci mai yawan harza, wato ɓangaren tsiro da cikinmu ba ya narkarwa sai ya isa babban hanji, inda bakteriyar ke cinsa su fitar da wani sinadari mai suna butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji ya hana guba tsallakawa cikin jini. A jikin waɗanda aka hana harza, bakteriyar ba ta yi musu wani amfani ba. Haɗiyar bakteriya ba tare da abincinsu ba kamar watsa iri ne a kan fako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla giram 25 na harza kullum, kuma wake da gero da dawa da ba a surfe su fiye da kima ba, da kuka da kuɓewa da zogale da ganyen gwaza, duk suna cike da ita.

Ba sai mun je Amurka neman shaidar wannan ba. A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, da yaran birnin Florence, suka tarar yaran ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya da yawan irin waɗannan sinadarai masu amfani. A 2023 kuma aka buga wani bincike da ya ƙunshi mutane 1,904 'yan asalin Afirka daga Ghana da Afirka ta Kudu da Jamaika da Seshel da Amurka, wanda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi ta shiga ciki, kuma 'yan Ghana ne suka fi kowa yawan nau'o'in bakteriyar hanji da waɗannan sinadarai, 'yan Amurka kuma suka zo ƙarshe. Abin da ke damuna shi ne ana sayar mana da tsada abin da mutanen da suka rasa wannan arziki ke ƙoƙarin maidowa, a daidai lokacin da mu muke sakin namu muna komawa ga farin burodi da taliyar leda da lemon kwalba. Ba na cewa abincinmu na gargajiya magani ne. Kokon gero ana tsima shi da bakteriya masu amfani, amma dahuwa tana kashe su kafin ya kai baki, kuma yawan sukarin da ake zuba masa, shi da burkina, wato haɗin gero da nono, yana cinye rabin alherin. Nono yana da bakteriya masu rai, sai dai idan ba a dafa madarar ba kafin a tsima ta yana iya zuwa da cuta. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano da man da muke malala wa miya su ma suna nan suna aikinsu a kan jijiya, ko hanji yana da lafiya ko ba shi da ita.

Akwai wani haɗari da nake so in ja kunne a kansa, domin na ji wani dattijo a bakin masallaci yana cewa tun da bakteriya ne ke kawo toshewar, sai mutum ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta ya wanke cikinsa. An riga an gwada irin wannan a kan mutane, ko da yake wata ƙwayar cuta dabam aka nufa ba ta hanji ba. A farkon shekarun 2000 an ba dubban masu ciwon zuciya irin waɗannan magunguna a manyan gwaje-gwaje, ɗaya daga ciki ya ƙunshi mutum fiye da 7,000, kuma ba su rage bugun zuciya ba. A wani gwaji a Denmak, waɗanda aka ba maganin kilaritiromaisin na mako biyu sun fi waɗanda ba a ba su ba mutuwa daga ciwon zuciya a shekarun da suka biyo baya. A wani gwajin Hazen ma, da aka ba mutane maganin kashe ƙwayoyin cuta TMAO ya ragu, amma da suka daina sha ya dawo yadda yake. Abin da masana ke nema yanzu shi ne maganin da zai hana bakteriyar fitar da TMA ba tare da kashe su ba, kuma a 2015 sun samu wani sinadari mai suna DMB da ya yi haka a jikin ɓeraye, amma wannan ba kayan kanti ba ne.

Ina cikin kantin wata dattijuwa ta shigo da katin asibitinta a naɗe cikin gefen mayafi, ta sayi kwalba biyu, ta tambayi saurayin ko yanzu za ta iya hutawa da maganin hawan jinin da ake ba ta, domin ta gaji da layi. Ya ce mata, "A'a Mma Hajiya, don Allah kada ki bari, ki ci gaba da shan na asibiti, wannan ƙari ne kawai." Na ji daɗin wannan amsa, kuma ita ce ta sa ban yanke wa kantin hukunci mai tsanani ba. Sai dai a bayan takardar da ya saka mata a leda an rubuta cewa masu amfani da kafson da yawa sun yi bankwana da maganin asibiti, kuma takardar ce za ta kwana a gidanta, jikokinta su karanta mata, ba saurayin ba. Kimanin babba ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba, kuma duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa mai shanyewar ɓarin jiki a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye ya san abin da barin magani ke jawowa gida. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana tallata kaya ga jama'a a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, kuma hawan jini da ciwon sukari suna cikinsu. Rajistar da hukuma ta yi wa kwalbar ba ta nufin ta amince da abin da takardar ke iƙirari, kuma mai kantin yana da alhakin abin da ya saka a ledar mai saye ko da wani ne ya buga shi.

Yayata ta ce tun da ta fara sha cikinta ya rage kumburi kuma bayan gida ya daidaita, kuma ba ni da dalilin musa mata, domin a nan ne furobayotik ke da shaidar da ta fi ƙarfi, musamman wajen rage gudawar da ke biyo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda likita ya ba shawarar shan furobayotik saboda irin wannan larura zai samu kaya a wannan kanti da aka adana yadda ya kamata, ko da yake zan so ya nemi wanda aka rubuta lambar nau'insa da adadin da zai rage har ƙarshen wa'adi. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, kamar mai shan maganin ciwon daji, ko wanda aka saka wa bawul na roba a zuciya, kada ya sha sai ya tambayi likitansa, domin a irin waɗannan mutane bakteriyar kan iya shiga jini, ko da yake ba kasafai ba. Wanda kuma ya zo da niyyar wanke jijiya, kuɗin kwalba ɗaya ya fi amfani a wajen gwajin kolestarol da sukari da aikin ƙoda, kuma maganin hawan jini na yau da kullum yana cikin abin da katin inshorar lafiya ta ƙasa ke biya.